Mutum Ɗaya Na Kora a Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ba a bar ni na huta ba. In na zauna a majalisar ƙofar gidan Garba tela bayan la'asar, sai wani ya ce, "Malam Sani, wai da gaske ne ma'aikatan can barci suke yi da rana tsaka?" Wani kuma ya ce, "Wai har gaban hukuma aka kai ka?" Na riƙa ba da labarin guntu-guntu har ya fara sauya kama a bakin mutane, don shekaranjiya na ji wani yana rantsuwa kwana uku na yi a kulle. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi daga farko, duk wanda ya tambaya in miƙa masa.

Shekara goma sha ɗaya ina aiki da Alhaji Bature mai fata. Aikina zaɓen ƙirgi: a shimfiɗa busasshiyar fatar saniya a gabana, in duba in ce lamba ɗaya ce, ko lamba biyu, ko ta zubarwa. Alhaji yana da sito a Damagaram inda ake sayen fata a shanya, a ɗaure, a turo Kano. A shekarar da fari ya tsananta, makiyaya suna ta yanka shanunsu kafin su faɗi da kansu, fata ta yi yawa a arewa, amma kayan da ke iso mana bai ƙaru ba. Mutumin da ke riƙe da siton kuma ya kwanta ciwo. Alhaji ya kira ni ya ce, "Sani, mutum ashirin nake da su can, aikin mutum takwas nake gani. Ka je ka gyara mini wurin. Wanda ba shi da amfani ka sallame shi. In mota biyu cike ba su iso nan kafin ruwa ya sauka ba, rufe siton zan yi."

Na bi motar Alhaji, wadda Ɗanladi direba ke ja. Muka tashi bayan asuba, muka wuce Kazaure, muka karya kumallo a Daura da waina. Daga Daura hanya ta sauya. Mu muna arewa, mutane suna kudu da ƙafa, Buzaye da Fulani, jaki ɗaya ɗauke da tabarma da turmi, ba saniya ko ɗaya a bayansu. Ba sa roƙo. Su kan tsaya gefen hanya su bar mota ta wuce, sannan su ci gaba.

A Kwangwalam, ɓangarenmu na iyaka, ba mu daɗe ba. Jami'in ya san Ɗanladi, suka yi barkwanci, aka ba shi goro, ya ɗaga sanda. Ɓangaren Nijar kuwa wani jandarma ne zaune bayan taga da babban littafi. Ya karɓi takardata ya juya ta gaba da baya, ya tambayi sunana, sunan mahaifina, garin da aka haife ni. Sannan ya ce, "Sunan uwa?"

Ni tun da na yi wayo ban taɓa furta sunan mahaifiyata a gaban baƙi ba. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a rubuta Hajiya."

Ya ce, "Hajiya ba suna ba ne."

Muna cikin wannan ja-in-ja agogonsa ya cika sha biyu. Ya rufe littafin, ya ce, "Midi," ya ja taga. Na juya ga Ɗanladi na ce mene ne midi? Ya ce tsakar rana ke nan, kuma duk ƙasar nan ba mai sake buɗe taga sai uku da rabi. Ya riga ya shimfiɗa buhu a ƙarƙashin mota. Da aka buɗe, na sunkuya na raɗa wa jandarman sunan, shi kuma ya maimaita shi da ƙarfi don ya tabbatar da rubutunsa.

Saboda wannan jinkiri da kuma taya da ta fashe mana, a Matamaye muka kwana, gidan wani abokin Ɗanladi. Aka kawo mana fura mai ruwa-ruwa, maigidan yana ta ba da haƙuri. Washegari da hantsi muka bi ta Takeita da Tirmini muka shiga Damagaram, garin da duwatsu suka zauna a tsakiyarsa kamar an jibge su da hannu.

Siton yana bayan unguwar Zango. Wani saurayi mai riga 'yar shara da ya cusa cikin wando ya tarbe ni a ƙofa, ya miƙo hannu ya ce, "Barka da zuwa, Mushe Sani."

Ni da na yi shekara goma sha ɗaya ina ware fatar mushe daga fatar yanka, raina ya ɓaci nan take. Ɗanladi ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya bayyana mini cewa a can haka ake kiran mai ilmin boko, girmamawa ce. Saurayin shi ne Abdu, magatakardan siton, ya yi lakwal, wato makarantar Faransanci, yana da keken rubutu da yake rufewa da ƙyalle. Sai ya kai ni wurin wani dattijo Babarbare, dogo, mai suna Baba Kyari, shugaban ma'aikata. Gaisuwarmu da shi ta kai minti biyar, ni ina ta neman inda zan yanke ta.

An sauke ni gidan wata gwauruwa, Hajiya Falmata. Ɗakin ba laifi. Matsalar ruwa ce. Garwa ɗaya ake kawo mini kullum, da ita zan sha, in yi alwala, in yi wanka, har na koyi wanka da buta ɗaya. Tana yi mini burabusko da miyar kuka, wani lokaci tuwon jar dawar nan ta taimako da ake rabawa, wadda in ka ci sai cikinka ya yi ta ƙugi har la'asar. Ta ce da a shekarar arziki na zo da na ci alkakin da ba a yin irinsa a Kano. Ban yi gardama ba.

Kwana uku na yi ina kallon aikin. Suna farawa da sassafe, suna aiki da kyau, fata ana miƙe ta da igiya a inuwa yadda ya kamata. Amma da sha biyu ta yi, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa. Akwai tukunyar dawa da siton ke dafa wa ma'aikata, sai kowa ya zuba nasa a kwano ya rufe, ya fice. Wurin ya zama kango har uku da rabi. A Kano mu kan ci abinci a tsaye mu yi azahar mu koma, mu tashi ƙarfe huɗu. Na ga inda aikin mutum goma sha biyu yake zubewa.

Ranar ta huɗu na tara su a tsakar sito. Na ce daga yau ba midi, a ci abinci a nan, a yi salla a nan, a koma aiki. Na kuma ce ɗaurin da aka gama a riƙa jera shi a ɗakin baya, wanda na ga ba komai a ciki kuma ƙofarsa tana kusa da inda mota ke tsayawa. Na jira gardama, domin a Kano da na faɗi haka sai leburori sun taso mini da hayaniya, mu yi ta musu, a ƙarshe mu tsaya a tsakiya. Nan ba wanda ya ce uffan. Baba Kyari ya dubi ƙasa ya ce, "To, Mushe." Na koma ɗakina ina ganin ban taɓa samun mutane masu sauƙin kai irin waɗannan ba. Da yamma Abdu ya ajiye mini wata takarda da ya buga da kekensa. Da Faransanci take, ni kuwa ba na karanta shi, sai na sa ta ƙarƙashin faranti.

Kowa ya bi umarni sai mutum ɗaya, Ilu, wani manomi daga Gidimuni, mai kamar shekara arba'in, wanda ba shi da yawan magana. Shi da sha biyu ta yi zai rufe kwanonsa ya fita, ya dawo wajen biyu da rabi yana gumi. Na yi masa magana ranar farko, ya ce to. Na yi masa ranar ta biyu, ya ce to. Ranar ta uku na tare shi a bakin ƙofa da kwanon a hannunsa, ma'aikata duk suna zaune suna kallo.

Na ce, "Kai, kurma ne? Ina za ka?"

Ya ce, "Zan dawo, Mushe."

Na ce, "In ka fita kada ka dawo. Akwai mutum ɗari a bakin kasuwa da ke neman aikin nan."

Ya tsaya kaɗan, ya dubi Baba Kyari, Baba Kyari bai ɗago kai ba. Ya fita da kwanonsa, bai dawo ba.

Daga ranar aka ci gaba da gaishe ni kamar kullum, aiki kuma bai tsaya ba. Abin da ya tsaya shi ne magana. Ba mai gaya mini igiya ta ƙare sai na gani da idona. Ba mai cewa wannan dillalin yana jiƙa fata don ta yi nauyi. In na ce a yi abu, a yi shi daidai yadda na faɗa, ko da kuskure na faɗa.

Bayan mako guda wani gardi, dogarin hukumar can, ya kawo mini sammaci daga ofishin ƙwadago. Na tambayi Abdu wa ya kai ƙara. Ya ce ba wanda ya kai, shi ne ya rubuta musu an sallami ma'aikaci, domin haka doka ta ce a yi. Ya faɗi haka ba tare da wata damuwa ba, kamar mai gaya mini yau Talata. Na je ranar farko aka ce in dawo gobe, na je ta biyu midi ta cim mini a kan benci. Ranar ta uku na shiga. Jami'in matashi ne cikin kwat, yana magana da Faransanci, tafinta yana juya mini. Ya ce ina takardar gargaɗi ta farko? Na ce da baki na yi. Ina ta biyu? Na ce ita ma da baki. Ya ce ina takardar da na ba ma'aikacin in nemi ya bayyana dalilinsa? Na ce a Kano in yaro ya ƙi ji sau uku, sallamarsa ake yi, in yana da uba ya zo ya ba da haƙuri a mai da shi. Ya rubuta wani abu mai tsawo. Hukuncinsa shi ne ko in mai da Ilu bakin aiki, ko in ba shi haƙƙinsa na sallama, kuma ko wanne na zaɓa sai Ilu ya sa hannu a takarda. Da zan fita ya ajiye alƙalami, ya ce mini da Hausa tsantsa, "Malam, ka tambayi mutanenka inda yake zuwa da kwanon?" Ni kuwa ban taɓa tambaya ba.

Ina dawowa sito na wuce ɗakin baya don in ƙirga ɗaurin mota ta farko. Na kwance ɗaya, sai ƙwari suka watse a hannuna. Na kwance na biyu, haka. Fatun da na zaɓa da hannuna lamba ɗaya sun zama kamar rariya. Na kira Baba Kyari.

Ya duba, ya ce, "Ɗakin nan shekara biyu ba mu ajiye fata a ciki. Ƙwarin suna cikin ƙasar ɗakin."

Na ce, "Ka sani, ka yi shiru?"

Ya ce, "Umarni ka bayar, Mushe, ba tambaya ka yi ba. Kuma a gaban yara ka bayar. In na ce a'a a wurin, na kunyata ka. Na jira ka zo gida mu sha shayi in gaya maka. Ba ka zo ba."

Abdu kuwa ya tafi teburina, ya ɗaga faranti, ya zaro takardarsa. Ya karanta mini ita da Hausa. Sakin layi na farko a kan ƙwarin ɗakin baya ne, na biyu a kan midi. Ya ce shi ya sauke nauyinsa tun ranar, ga kwanan wata, ga sa hannu. Ɗaya ya jira in je gidansa, ɗaya ya rubuta mini da harshen da ba na ji, kowannensu kuma yana ganin ya yi abin da ya dace. A Kano da lebura mafi ƙanƙanta ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ɗakin nan ƙwari ne!" mu yi cacar baki, fata ta tsira.

Bayan la'asar na je gidan Baba Kyari a unguwar Birni. Ya shimfiɗa mini tabarma kamar ba abin da ya faru. Sai da aka zuba shayi na biyu ya fara magana. Ya ce yawancin ma'aikatan nan manoma ne daga Tirmini da Gidimuni da Damagaram Takaya, gero bai yi ba shekara biyu, sun kwaso iyalansu sun kafa bukkoki a bayan gari. Abincin da ake zuba musu da rana ba su ke ci ba, can suke kai shi, su bi layin ruwa, su dawo. Tun da na hana fita, sai su ɓoye kwanon har yamma, yara su wuni da yunwa. Ilu kuwa mahaifiyarsa ce a bukkar, tsohuwa marar lafiya, ba ta iya jira har yamma, kuma ba ta da kowa sai shi. Da aka kore shi ba abin da zai riƙe su a gari, sai ya ɗora ta a jaki ya mai da ita gida.

Washegari na mai da midi. Ban tara mutane ba, na gaya wa Baba Kyari ne shi ya gaya musu. Shi ya kawo shawarar a riƙa farawa tun bayan asuba, aka yarda. Muka fitar da ɗaurin muka ware abin da ya tsira, muka barbaɗa magani. Rabin kayan ya tafi.

Ranar Asabar ni da Baba Kyari muka hau motar dawar taimako da ke zuwa gabas, a kan buhuna. Muka wuce Mirya, muka sauka Gidimuni da azahar. Tafkin garin ya ja baya sosai, mutane sun bi shi suna haƙa rijiyoyi a inda ruwa ya bari, suna shuka rogo. Baba Kyari ya ce kada in yi wa Ilu magana kai tsaye, kawunsa za mu fara gani. Muka zauna da kawun, aka yi gaisuwa, Baba Kyari ya faɗi abin da ya kawo mu, ni na ce na yi kuskure. Sannan aka aika aka kira Ilu daga lambu. Ya zo da laka a ƙafa, ya gaishe ni yadda yake gaishe ni a sito.

Kafin a ce komai ya ce tsohuwa ta ji an yi baƙi daga birni, tana so a shigo. Tana kwance a kan tabarma, ƙasusuwanta duk a waje. Ilu ya ce mata, "Inna, ga maigidanmu na wurin aiki."

Ta lalubo hannuna ta riƙe. Ta ce, "Kai ne ka ba shi kwanje ya kawo ni gida? Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ba kowane maigida ke yin haka ba. Na ce masa kada ya daɗe, kada ya ɓata maka aiki."

Kwanje hutu ke nan a bakinsu. Na dubi Ilu, shi yana kallon bango. Na ce mata amin.

A waje na ce masa wurinsa yana nan, ya dawo ko yau ko gobe. Ya ce ya gode, amma tsohuwa ba za ta iya hanyar nan karo na biyu ba, shi kuma ba zai bar ta ba. Ba zafi a muryarsa. Na ba shi haƙƙinsa, ya dangwala yatsa a takardar sallamar da Abdu ya buga. Da za mu tafi ya kawo rogo guda huɗu ɗaure da kaba ya ce in kai wa mai masaukina.

Abin da ya rage ba shi da tsawo. Da muka dawo, maganar ta dawo da kanta. Kwana biyu ba a yi ba wani ya tare ni a bayan sito ya gaya mini sunan dillalin da ke jiƙa fata. Na koyi kai wa Baba Kyari kowace shawara gida kafin in faɗe ta a fili, na kuma sa Abdu ya riƙa karanta mini takardunsa a ranar da ya buga su. Mota ta farko ta tashi a makare, ta biyu ta bi bayanta da mako uku, ni a gaba kusa da Ɗanladi, sama ta fara haɗa gajimare.

A Kano Alhaji ya duba kayan da kansa, sannan ya kira ni zaure.

Ya ce, "Mutum nawa ka sallama?"

Na ce, "Ɗaya, Alhaji."

"Ɗaya."

"Shi ma na bi shi garinsu na roƙe shi ya dawo, ya ƙi."

Ya tambayi yadda rabin mota ya lalace, na gaya masa ba tare da na rage komai ba. Ya ce to wa zai riƙe wurin yanzu? Na ce a bar wa Abdu takarda, a bar wa Baba Kyari mutane, kada a sake tura kowa daga nan. Ya ce zai gwada shekara ɗaya. Ni kuma ya ce in koma bakin zaɓen ƙirgi, inda na fi amfani, kuma can nake har yau.

Makon jiya Ɗanladi ya dawo da kaya daga Damagaram. Muna saukewa ya ce Baba Kyari yana gaishe ni, ya kuma ce a gaya mini tsohuwar Ilu ta rasu kwana kaɗan kafin ruwan farko, a ɗakinta, Ilu yana wurin. Na sayi ƙwaryar goro na ba shi ya kai wa Baba Kyari, shi ya san yadda za ta isa Gidimuni. Na ce a faɗa daga maigidansa na wurin aiki ne.